Dardumar da Ba a San Masaƙiyarta Ba

Ƙarfe tara na safe aka kira Sufeto Idir Amzil gidan tarihin garin Taznakht. An sace wata tsohuwar jar darduma daga akwatin gilashi, ba a fasa komai ba.

Lalla Titrit, mai kula da kayan gidan, tana tsaye a gaban akwatin. Shekara ashirin tana bin ƙauyukan dutse tana tattara saƙar matan ƙabilar Amazigh, yau ga daraktan gidan ya rantse sai an kulle ta, don makullin akwatin ɗaya ne, kuma a hannunta yake.

"Bai taɓa barin jakata ba, ranka ya daɗe."

"Jakar fa?"

"Nakan bar ta a ofis in na je ɗauko 'yata daga makaranta."

Sufeto ya dubi sauran akwatunan. Sarƙoƙin azurfa na nan, ko ɗaya ba a taɓa ba. Wane irin ɓarawo ne wannan?

Ya sami maigadi, Dda Bihi, yana haɗa shayi a bakin ƙofa.

"Baba, ka san dardumar?"

"Ni gadin ƙofa aka ɗauke ni, yaro, ba na tsumma ba."

"Tsumma kuwa. An ce saƙar ma ta 'yar koyo ce."

Tsohon ya dire butar. "'Yar koyo? Wadda ta yage koren ɗankwalinta ta saƙa a bayan dardumar, da zare ya ƙare mata?"

Sufeto ya kira Lalla Titrit. "Wa ya taɓa ganin bayan dardumar?"

"Ni kaɗai. Tun da ta zo, a shimfiɗe take cikin gilashi."

Dda Bihi ya sunkuyar da kai.

"Uwata ce ta saƙa ta. Shekarar da aka yi fari ubana ya sayar. Yanzu tana kwance, ta makance, kullum cewa take a kawo mata ta shafa. Shi ne na zari makullin a jakar, na kai mata dardumar. Shekara shida ina wuce takardar da kuka manna: ba a san masaƙiya ba."

"Me ya hana ka gaya mini, Dda Bihi?" in ji Lalla Titrit.

"Wa ke tambayar maigadi?"

"Ka kusa sa a ɗaure uwar yarinya," in ji Sufeto, ya kama hannunsa. "Mu biya gida tukuna, a ɗauko dardumar."

Sun kai bakin mota Lalla Titrit ta biyo su da gudu, biro a hannu.

"Sunanta, Dda Bihi!"

"Itto," ya ce. "Itto 'yar Hammu. Ki rubuta da manyan baƙaƙe."