Kafaɗar Dama, Kafaɗar Hagu

"Ni fa ban gane ba! Yau Talata, ka rufe shago, wai mu tafi ganin tafki? To Mama fa, wa zai zauna da ita?"

"Matar Yayanki za ta wuni a can. Mun yi magana da shi."

"Da Yaya? Yayan da ko gaisuwarka da ƙyar yake amsawa?"

Mijinta Mai Agogo ya yi murmushi ya miƙa mata hular kwano. Auta ta karɓa tana kallonsa. Shekararsu uku da aure, ba ta taɓa ganin ya rufe shagonsa na gyaran agogo a ranar aiki ba. Ita ma tun da ɓarin jikin Mama ya shanye ba ta taɓa fashin zuwa ba. Kullum da safe tana can, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki, ta juya ta, sai yamma ta dawo ɗakinta bayanta kamar zai tsinke.

"Hau mana, Autar Mama. Rana ɗaya ce tal na roƙa."

Ta hau bayan babur ɗinsa. Sai da suka bar gari ya rage gudu ya ce, "Bari mu yi wani wasa. Yau ke ce idona. In kin ga rami ko wani abu, ki taɓa kafaɗata ta gefen da kike so in kauce."

"Kai naka idon ina ka ajiye shi?"

"Na bar shi a shago, cikin akwatin agogo."

Ta yi dariya ta kai masa duka a baya. Amma ta yi wasan. Dama... hagu... dama. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne tafiyar. Mutumin da a da sai ta yi ta ihu kafin ya sassauta, yau har wani tsoho a kan keke ya so ya wuce su.

"Maigida, ko dai in sauka in tura ne?"

"Ina lallaɓa amaryata ne."

Kusa da wata mararraba wata motar kaya ta fito ta gefen dama, ƙatuwa, ja, tana zuba hon. Auta ta jira ya taka birki. Bai taka ba. Ko juyawa bai yi ba! Ta damƙi kafaɗunsa biyu ta ƙwalla ƙara, sannan ya tsaya da ƙarfi har ƙafarta ta bugi ƙasa. Direban ya wuce yana zagi.

"Ba ka gan ta ba ne? Mota kamar gida!"

"Hankalina ne ya tafi wani wuri..." in ji shi. "Yi haƙuri, masoyiyata."

Suka ci gaba da tafiya a hankali har suka isa.

Garin bakin tafkin ya fi yadda ake ba da labarinsa. Masaukan baƙi farare a jere, manyan laimomi, kwale-kwale masu fenti, masu hoto suna bin mutane. Suka zauna a rumfar wata mai soya kifi, mace mai jiki da yawan raha.

Nan ma Auta ba ta gane masa ba. Ya ce ta tsaya ta fuskanci rana. Ta tsaya. Ya matso ya zuba mata ido, ya kalli goshinta, ya kalli hancinta, ya kalli ɗan tabon da ke haɓarta, ɗaya bayan ɗaya, yadda yake duba cikin agogo.

"Kai, mutane na kallonmu fa!"

"Su kalla. Yi min dariya."

"Haka kawai, kamar taɓaɓɓiya?"

Wani mai hoto ya zo da fara'arsa. "Ango da amarya, a ɗauka?"

"Bar shi, malam," in ji Mai Agogo. "Hoto ba zai yi min amfani ba."

Maganar ta tsaya mata a rai. Laifi ta yi masa? Ko Yaya ne ya gaya masa wata magana? In fushi yake yi, me ya kawo wannan kallon? In kuma murna ce, me ya sa muryarsa ta dushe? Ta cire masa ƙaya daga kifi, ya ci kaɗan. Ya miƙa hannu zai ɗauki lemo, ya ture kwalbar ta zube a kan tebur.

Wayarsa ta fara ƙara. Tana nan a gefen farantinsa, dab da gwiwar hannunsa, amma sai ya shiga lalube, yana juya kai gaba ɗaya yana nema. Auta ta ɗauka. Sunan Yaya ne. Ta danna ta kara a kunne.

"To, ka gaya mata?" in ji Yaya. "Na sa an share tsohon ɗakinta. Kada ka ja abin ya yi tsawo, ka ji ko?"

Ta kashe wayar a hankali.

"Wane ɗaki aka share min?"

Ya shiga goge lemon da ya zube a kan tebur.

"Da kai nake! Me za ka gaya min?"

Ya sunkuyar da kai. "Idona ne, Auta. Yana rufewa ta gefe-gefe. Yanzu kamar ta cikin bututu nake kallon duniya, abin da ke gabana kawai nake gani. Likita ya ce jijiya ce, babu tiyata, babu magani. Ya ce da wuya in kai baɗi ina ganin haske."

Ya ɗago kai ya ci gaba.

"Yaya ya gamu da ni a asibiti ranar da ya je karɓo wa Mama magani. Ya ga takardata. Ya ce mace ɗaya ba za ta ɗauki marasa lafiya biyu ba, kuma Mama ce ta riga ni. Ya ce in ina sonki, in sauwaƙe miki ki koma gida."

"Kai kuma ka ce to?"

"Na ga yadda kike dawowa kina riƙe da baya..."

"Ka ce to!"

"Ban furta ba, ban rubuta ba. Sau huɗu ina ɗaukar biro. Na ce bari in kawo ki inda kike ta mafarkin zuwa, in kalle ki da rana tsaka, in ajiye fuskarki a inda ba za ta goge ba. Sannan..."

"Sannan ka sauke ni a ƙofar gidanmu kamar buhun gawayi! Ku biyu kun zauna kun yanke, ni ko a tambaye ni? Kuma da wannan idon ka ɗauko ni a babur? Saura ƙiris mota ta niƙe mu!"

Ta tashi ta nufi bakin ruwa. Kuka take yi, amma ba ta san wanne take wa kukan ba. Idonsa? Yaya? Ko Mama, da ba ta yarda kowa ya ba ta abinci sai ita? Yaya bai yi ƙarya ba, bayanta ya gaji. Ko juya Mama a gado sai ta yi kamar numfashinta zai ɗauke. In ta ce miji, wa zai ɗaga Mama? In ta ce Mama, wa zai miƙa wa wannan bawan Allah ko kofin ruwa? Ta zauna a kan wani dutse tana kallon kwale-kwale suna zuwa suna komawa, kanta ya ƙulle tam. Ba ta san ta daɗe haka ba sai da ruwan ya fara yin ja.

Mai kifi ce ta riƙo hannunsa ta kawo shi.

"Ƙanwata, ga kayanki. Tun ɗazu yake nemanki, har ya kusa rungumar sandar laima."

Ya tsaya a gabanta kamar mai laifi. "Auta... lissafina ya ɓaci. Na so mu juya tun rana na sama. In ta faɗi, ko tafin hannuna ba na gani."

Ta kalle shi, ta kalli babur ɗin can a gindin bishiya. Sai ta tuna watannin baya, yadda ya dage sai ya koya mata tuƙi a wani filin ƙwallo, tana faɗuwa yana cewa a sake. Ita ta ɗauka wasa ne.

"Ashe tun lokacin ka sani."

Ya gyaɗa kai.

"Ba ni makullin."

Sau uku babur ɗin yana mutuwa a hannunta. Mai kifi tana daga rumfa tana ihu, "Saki a hankali, 'yar uwa! Ba wuyan miji ba ne da za ki shaƙe!" A na huɗu ya tashi. Ya hau bayanta, ya ɗora hannuwansa a kafaɗunta. Hawaye yana taruwa mata a cikin hular, amma ta riƙe hanya. Can ta ji ya jingina goshinsa a bayanta, rigarta tana jiƙewa.

Ba ɗakinsu ta nufa ba. Ana kunna fitilun titi ta tsaya a ƙofar gidan Mama. Yaya yana tsaye, ya saki baki ganin wanda ke tuƙi.

"Yaya, sannu da aiki. An ce ka share min ɗaki."

"Auta, ki tsaya ki fahimta, don ke na..."

"Na gode. Mu biyu za mu shiga."

Ta ja hannun mijinta har gaban gadon Mama. Tsohuwar ta zame daga kan matashi, tana ta ƙoƙarin gyarawa ta kasa.

"Ga kafaɗarta nan, ga bayanta. Ɗaga ta."

Ya laluba, ya sa hannu, ya ɗaga Mama cak kamar jaririya ya gyara mata zama. Abin da Auta take shan wuya a kai kullum, shi ko nishi bai yi ba. Mama ta dube shi, ta dubi 'yarta. Bakinta ba ya fitar da magana sosai. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta kama yatsunsa, ta ƙi saki.

Yaya ya juya ya fita tsakar gida yana share fuska. Bai sake tayar da zancen ba.

Shekara shida suka yi a ɗakin nan. Shi yake ɗaga Mama, ita take gaya masa inda zai taka. Da idon ya rufe gaba ɗaya, ita take kai shi ko'ina a babur, kuma ya haddace titunan fiye da ita. Kafin ta hango rami, sai ta ji ya taɓa kafaɗarta. "Hagu, Autar Mama. Kin manta da wannan?"

Mama ce ta fara rasuwa. Shi kuma bara, zazzaɓin kwana uku kacal ya ɗauke shi.

Har yau babur ɗin yana nan, kuma ita take hawa. An cike yawancin ramukan, amma akwai ɗaya kusa da tsohon shagonsa da ba a taɓa ba. Kullum in ta kusa da shi sai ta rage gudu, ta saki kafaɗunta, ta ɗan jira... sannan ta kauce hagu da kanta.