Hannun da Bai San Kaɗan Ba

"Wannan ɗana ne, ko rigarsa aka rataye a ƙofa?"

Da haka Hajiya Zuwaira ta yi sallama, ko ƙurar motar da ta kawo ta Parakou daga garin Djougou ba ta kaɗe ba. Khalida, matar ɗanta, na durƙushe tana gaishe ta. A dangin Hajiya ƙibar miji ita ce shaidar mace ta iya aure, ga shi nata mijin, Yahouza, ya zube.

Dalili kuwa akwai. Kwanakin baya ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na Zongo. Likita ya ce teɓa ce ta jawo hawan jini, ciwon suga ma na bakin ƙofa, sai an rage mai da gishiri, a riƙa tattaki. Yahouza ya roƙe ta kada Hajiya ta ji, don ciwon da ya ɗauke babansa ke nan. Ta rufa masa asiri, kullum bayan asuba suna takawa har unguwar Titirou, yana haki yana cewa, "Sahibata, so ne wannan ko horo?"

Hajiya ta ce tunda matan Parakou rowa suka iya, a ba ta madafa. Ta kirɓa sakwara, ta soya cukun wagashi, man shanu na iyo a kan miya. Yahouza, bawan Allah, yaushe rabonsa! Ya wanke hannu har yana murmushi.

Khalida ta ji tsoro ya kama ta, tsoron takaba ya fi na saki. Ta miƙa hannu ta janye kwanon, abin da matar ɗa ba ta taɓa yi ba a dangin.

"Hajiya, ki mayar da ni gidanmu in kin so... amma ba zai ci ba."

Yahouza ya sunkuyar da kai, ya faɗi komai, har faɗuwar shago.

Hajiya ta daɗe tana kallon miyar, idonta ya cika.

"Haka na ciyar da babansa," ta ce a hankali. "Ruku'u ma ya gagare shi, gari kuwa na ta yabona."

Ta kamo hannun Khalida, ta danƙa mata ludayin.

"Zuba masa da kanki, 'yata. Nawa hannun bai san kaɗan ba."