Muryar Barau Mai Gurmi

Koren layin da ke kan allon ya tsaya cak, bai hau ba, bai sauka ba. A bayan gilashi Malam Barau ya rungume gurminsa yana waƙa, kafaɗunsa na rawa, amma muryar da ke fita ta lasifika cikakkiya ce, kamar ta ɗan shekara arba'in.

Aikin Madaidaiciya ke nan, na'urar da Injiniya Lawandi ya ƙera a shekara ta 2131. Birnin Tudu gari ne mai hayaniya: jiragen haya na shawagi tsakanin benaye, injinan sanyaya iska ba sa hutawa. Duk waƙar da ta yi ƙasa-ƙasa ɓacewa take yi. Shi ya sa na'urar take danne sautin da ya yi sama, ta ɗago wanda ya yi ƙasa, su haɗu a ma'auni guda. Ta karɓu har aka sa ta a layukan waya.

Lawandi kaɗai ke ganin lambobin. A farkon shekara, ɗigo uku na'urar ke ƙara wa muryar tsohon. Da damina ta faɗi, sai da ta kai goma sha tara.

"Baba, ko a faɗa wa Uwani?" in ji Lawandi.

"Kul! Kada ka tayar mata da hankali. Ƙara mini dai, ɗan nan."

Ya ƙara. A ransa ma har da ɗan alfahari, ganin ba wanda ya gane.

Uwani ita ce 'yar Malam Barau tilo, likita a tashar haƙar ma'adinai ta duniyar wata, inda murya kawai layi ke kaiwa. Kowace Juma'a tana sauraron shirin mahaifinta. Sau biyu aka ba ta hutu, sau biyu ta bar wa wani, tunda Baba lafiyarsa lau.

Ya rasu wata Talata bayan la'asar. Sai ana gobe sadakar bakwai ta iso. Bayan an watse, ta wuce ɗakin ɗaukar sauti.

"Injiniya, Juma'ar ƙarshe garau na ji shi. Har na ce wa abokan aikina Baba zai kai ɗari."

Lawandi ya juya wajen na'urar. Ya lalubo asalin ɗaukar, wadda na'urar ba ta taɓa ba, ya kunna. Da ƙyar ake jin wani abu. Ya kai hannu zai ƙara, ta dakatar da shi.

"Bar shi haka."

Ta durƙusa, ta kara kunnenta a jikin lasifikar. Muryar siririya ce, tana yankewa a tsakiyar baiti, yatsu na zamewa a kan tsirkiya. Likita ce, ta san irin wannan numfashin. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Ciwon da ake warkewa ne," ta ce a hankali. "Wata uku da suka wuce, da na ji wannan, da na taho."