Sunan da Hajiya Hasiya Ba Ta Faɗa

A watan Maris garin Guangzhou na ƙasar Sin gumi yake yi. Bango ya jiƙe, madubi ya dushe, dogayen benayen unguwar Xiaobei su nutse cikin hazo mai laima har mutum ya rasa inda gini ya ƙare, inda sama ta fara. A irin wannan safiya aka kawo wa Sufeto Liang ƙarar satar takarda guda ɗaya.

Shi ake tura wa duk ƙarar da ta zo da Hausa. Ya karanci harshen a jami'a, ya kuma yi aikin tafinta a Kano yana saurayi.

Mai ƙarar, Abdulbaƙi, Bakano ne mai sayar da fitilun sola. Sufeto ya same shi a shago, tsaye gaban durowa.

"Me aka ɗauka?"

"Takardar kyauta, Yallaɓai. Gida zan saya a unguwar Huangpu, banki zai cika mini. Kuɗin da na fara zubawa, Hajiyata ce ta sayar da gonarta ta ba ni. Banki suka ce sai na nuna shaidar kyauta ce, ba rance ba. Lauya ya rubuta a Kano, ta dangwala yatsa, aka aiko."

"A sake wata mana."

"Waccan ma sai da ta sha yawon ofis-ofis ana buga mata hatimi. Ranar Juma'a wa'adi zai cika. Gidan ya tafi, mai gini ya riƙe abin da na zuba. Gonar Hajiya ta tafi a banza ke nan."

Ba a fasa durowar ba. Makullai uku ne: nasa, na matarsa Radiyya, da na abokin kasuwancinsa Rauf, mutumin zangon Kumasi, wanda ke zaune kan kwali yana ta girgiza kai.

"Ni Huangpu ma ban san ƙofar gidan ba, laoban," in ji Rauf, wato maigida da Sinanci. "Abdul ne mai mafarkin bene. Ni ɗakinmu na haya ya ishe ni."

Sufeto ya nemi hoton kyamarar baranda. Maigadi ya ce, "Meiyou." Babu. Laima ta rufe gilashin, inuwoyi kawai ke yawo a ciki kamar kifi cikin kunu.

Da ya same ta a gida, Radiyya ta ce rabonta da shagon tun kafin sanyi. Sufeto ya kalli jakar da ke rataye a ƙofarta.

"Mai shayin ƙasan bene ta ce ta ga wannan jakar ranar Litinin."

Ruwa na gangarowa a bangon bayanta, a hankali.

"Na je," ta ce. "Ɓoye takardar na je yi. Bashin banki da ruwa a kansa, ban taɓa samun barci a kan maganar ba. Na faɗa wa Baban Nana, ya ce mu samu rufi tukuna. Na buɗe durowar, na tarar an riga ni."

"Baban Nana shi ne Abdulbaƙi?"

"Shi ne," ta ce, ta sunkuyar da kai.

Da rana dillaliya ta kai Sufeto gidan. Hawa na sha tara, babu kujera, babu labule. Ta taga ba a ganin kogi, sai kawunan injinan ɗaga kwantena suna shawagi bisa hazo kamar raƙuman dawa da aka yanke wa ƙafafu. Wani jirgin ruwa ya yi kuka daga inda ba a gani.

Laima ta kwanta a gilashin tagar, ta tono abin da aka taɓa zanawa da yatsa: gado, tebur, kujera guda ɗaya.

"Mai sayen yana da mata da 'ya," in ji Sufeto. "Wa ya zana kujera ɗaya?"

"Ɗan'uwansa. Yakan zo shi kaɗai, ya ce awo zai yi. Bai taɓa zuwa da abin awo ba. Tsayawa yake a nan har in gaji."

Ya nuna mata hoton Rauf a waya. Ta gyaɗa kai.

A banki, Madam Chen, jami'ar bashin gida, ta kunna masa abubuwa biyu.

Na farko bidiyo ne da Abdulbaƙi ya roƙi uwarsa ta yi bayan ɓatan takardar. Tsohuwa ce a kan tabarma, tana kallon gefe. "Kuɗin gonata na ba wancan na wajenku, halak malak. Ko sisi ba na bin sa."

"Wa ke nan 'wancan'?" in ji Madam Chen. "Ba suna. Mun ce ta sake, ta sake, ba suna. Ba ma karɓar wannan."

Na biyu saƙon murya ne da ya zo daga lambar da ba a sani ba, da fassararsa. Murya ɗaya ce, har da 'yar shaƙewar. "Ni Hasiya, kuɗin da na tura wa ɗana Abdulbaƙi rance ne. Abdulbaƙi zai biya ni."

"Ka ji wannan," ta ce. "Komai ya cika."

An ce shaidar da ta cika ita ce ta gaskiya. Masu faɗin haka ba su lura ba cewa maƙaryaci ne ke da lokacin cike kowane gurbi. Mai gaskiya da gurabensa yake zuwa.

Sufeto ya lumshe ido. Wani tsakar gida a Kano ya dawo masa, da matar da ke dafa musu abinci a lokacin. 'Ya'yanta duk tana ƙwala musu kira da suna, ban da babban. Shi sai dai ta ce, "Kai, wane."

Ya tara su a shago da la'asar, ya kunna saƙon muryar.

Radiyya ta kai hannu baki. Dariya ce ta kusa ƙwace mata. Abdulbaƙi kuwa ya zauna a hankali, idanunsa suka kawo ruwa.

"Sake kunnawa, Yallaɓai," ya ce. "Ba ita ba ce. Amma sake kunnawa."

"Haba Abdul," in ji Rauf. "Muryarta ce. Ga shi ta kama sunanka sarai, har sau biyu."

"Kai ne ɗan fari?" Sufeto ya tambayi Abdulbaƙi.

"Ni ne."

"Kira ta."

Fuskar tsohuwar ta bayyana a waya, hasken hantsin Kano a bayanta. Suka gaisa, ta tambayi Sufeto gida da aiki, ta yi mamakin Hausarsa.

"Hajiya, wa kika ba kuɗin gona?"

"Ga shi nan kusa da kai."

"Sunansa nake so."

"Kai ɗan nan, a Kano ka koyi Hausa ko a bakin hanya? Ka tambayi matarsa."

"Ita ma ta ƙi, Hajiya."

"To, ka ga 'yar mutunci."

Da aka kashe wayar, Sufeto ya juya ga Rauf.

"Saƙonnin Hajiya a wayar shago suke sauka, ku biyu ke riƙe ta. Akwai manhajar da za a ba muryar mutum, ta faɗi abin da bai faɗa ba. Radiyya ba za ta sa wannan suna a bakin surukarta ba, ko a mafarki. Kai kuma ka ce ba ka san ƙofar gidan ba, alhali kujerarka na nan a kan taga."

Rauf ya daɗe yana kallon fitilun da ke jere a kanta. Sannan ya sa hannu cikin rigarsa, ta wajen ƙirji, ya zaro takardar. Ta yi laushi da gumi.

"Na so in ƙona ta. Na kasa."

"Me ya sa, Rauf?" in ji Abdulbaƙi. "Kwano ɗaya muka ci a garin nan."

"Shi ya sa. Tare muka sauka, tare muka yi ta kallon benayen nan muna zaɓe. Rana ɗaya aka buga maka waya, aka ce ga gona. Ni wa zai buga mini? Na ce in gidan ya kuɓuce maka, ma koma daidai." Ya share fuska. "Na saurari saƙonninta sun fi a ƙirga. Ban taɓa lura ba ta kiran sunanka ba."

"Kunya ce," in ji Radiyya a hankali. "Uwa ba ta kama sunan ɗan fari."

"Ni ma ɗan fari ne," in ji Rauf. "Tawa ta rasu ranar da ta haife ni. A tashar mota na tashi. Kowa Rauf, Rauf. Ba wadda ta taɓa ƙin faɗa."

Sufeto ya ɗaga wa wani kurtu da ke bakin ƙofa hannu. Ba a sa ankwa ba. Rauf ya bi shi cikin barandar da ta jiƙe, sawunsa na bayyana a kan tayil, laima na shafe su.

Sufeto ya buɗe takardar a kan kanta. Ga sunan Abdulbaƙi da lauya ya buga da manyan baƙaƙe, ga layin da aka ja dab da shi don sa hannu. Layin babu komai. Hajiya Hasiya ta kai yatsanta can ƙasa, gefen takarda, ta dangwala nesa da sunan.

"Gobe zan raka ka wurin Madam Chen," ya ce. "Wannan ma sai na yi mata bayani."