Wasiƙun Hajo da Ba Suna a Bayansu

Ranar da abin ya fara, Malam Aƙilu yana zaune a zaure da la'asar sakaliya yana rubuta adireshi a bayan ambulan. Shi ne marubucin wasiƙun Mahuta a shekarun nan da rediyo da gidan waya kaɗai ke kawo labarin na nesa. Duk mai ɗa a Legas ko miji a Jos wurinsa yake zuwa, ya faɗa, shi ya rubuta, ranar kasuwa ya shiga mota ya kai Funtua.

Ya gama ambulan shida ya jera a tabarma, ya tashi alwala. Da ya dawo ya tarar da dukansu fari fat, ba suna, ba gari, ba lambar akwati. Ya yi tsaki ya ɗora wa biro laifi, ya sake rubutawa yana dannawa da ƙarfi. Yana ɗaga ido daga na ƙarshe, na farko ya riga ya goge.

Ana kiran magariba dutse ya faɗo kan rufin kwano. Matarsa Inno ta leƙa bayan gida ba ta ga kowa ba, sai karan dawa a tsaye, ko iska ba ta kaɗa su. Dutse na biyu a tukunyar miya ya faɗa. Daga nan gidan ya yi tsit, har kaji suka daina motsi a akurki, sai wata murya ta taso daga bayan rumbu, a hankali, kamar mai koyon karatu:

"Zuwa ga ɗana. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ka dawo gida, idona ya fara mutuwa."

Aƙilu ya gane maganar nan take, domin shi ya rubuta waɗannan kalmomi da hannunsa.

Hajo tsohuwa ce a ƙarshen gari, ɗanta ɗaya tal, Mudi, yaron mota da ke bin Ibadan. Shekara huɗu da suka wuce wani ɗan kasuwa, Babatunde, ya tare Aƙilu a tashar Funtua ya gaya masa motarsu Mudi ta kife, an binne shi can. Aƙilu ya dawo da niyyar faɗa, ya tarar da Hajo a zaurensa tana murmushi, ta zo a rubuta wa ɗanta. Maimakon ya faɗa, sai ya ɗauki biro ya rubuta. Wata ya zagayo ta sake zuwa, ya sake rubutawa. Bayan ambulan kuwa barinsa yake fari, don ina zai ce a kai? Ga sunan Allah a saman kowace takarda, ba ta jefuwa a juji, hannunsa kuma ya ƙi ƙona maganar uwa. Sai ya riƙa cusa su a kogon wata kuka da ke bakin hanya, yadda ake yi da tsohuwar takardar karatu, yana gaya wa kansa tausayi ne.

A rana ta uku abin ya bar duwatsu ya kama Lauratu, 'yarsu ɗaya, mai shekara goma sha biyar. Tana tankaɗe da yamma rariya ta faɗi daga hannunta, ta sandare, idanunta suka juye. Yarinyar da ba ta taɓa shiga boko ba ta hau karanto wasiƙun Hajo da ka, ɗaya bayan ɗaya, har da kwanan wata, cikin muryar namiji. Kwana biyar ko ruwa ba ta haɗiya sai an ɗura. Inno ta yi kuka har muryarta ta dushe, Aƙilu kuwa tsoro da kunya suka hana shi haɗa ido da kowa.

Aka ɗauko Malam Maitama daga Gozaki, wani dattijo siriri marar yawan magana. Ya iso bayan azahar, ya zauna a gefen tabarmar yarinyar ya yi ta karatu har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Can Lauratu ta tashi zaune ta yi wata dariya marar daɗi.

"Wane ne kai, me ya kawo ka gidan mutane?" in ji Malam.

"Kirana aka yi. Shekara huɗu ana kawo mini takarda har ɗakina, ana cewa ɗana ka dawo gida. Ni tun da nake ba wanda ya taɓa ce mini ɗana. Na biyo sawun mai kawowa."

"Ba kai ake nufi ba."

"To wa ake nufi, Malam? Na duba bayan kowace, ba suna. Takardar da ba suna ta wanda aka miƙa wa ce."

Malam Maitama ya juyo ya dubi Aƙilu, ya daɗe yana dubansa. Aƙilu ya durƙusa ya fashe da kuka, ya faɗi komai a gaban matarsa.

"Ka ji mai takardar," in ji Malam ga muryar. "Ya rasu. Fita daga jikin yarinyar nan, ba ta ci maka komai ba."

"Ba na son akuya, ba na son turare," muryar ta ce, ta yi ƙasa kamar mai jin nauyi. "Zan fita. Amma mai rubutun ya kwashe takardunsa ya mayar wa tsohuwar, ya gaya mata da bakinsa. Ni ma na gaji da jin kukanta. In rana ta faɗi gobe bai faɗa ba, zan dawo, kuma ba zan sake fita ba."

Lauratu ta yi atishawa sau uku ta zube. Da ta buɗe ido ta ce, "Inna, ƙishirwa," da muryarta ta da.

Washegari da hantsi Aƙilu ya je kogon kukar ya zuba wasiƙun a buhu, gara ta ci gefen wasu, ya nufi gidan Hajo yana jan ƙafa. Ya same ta tana ɓare gyaɗa da lalube. Ta gane takunsa, fuskarta ta washe.

"Malam, amsa ce ta zo?"

Ya ajiye buhun a gabanta ya gaya mata, tun daga tashar Funtua har kogon kuka. Ta sa hannu ta shafa takardun. Ya yi zaton za ta tsine masa, kuma da ta tsine da ya fi masa sauƙi.

"Shekara huɗu," ta ce a ƙarshe. "Yana kwance a ƙasar mutane, ba sadakar uku, ba ta arba'in, ni ina nan ina roƙa masa sa'ar hanya. Ko sau ɗaya ban ce Allah ya jiƙansa ba. Wannan ka hana shi, Aƙilu."

"Ki yafe mini, Iya."

Ta share ido da bakin zane, ta ture kwaryar gyaɗar gefe.

"Ba yau ba. Tashi ka gaya wa Liman a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana. Ni a wurina yanzu ya mutu."