Daga Gwanzu Kafin La'asar

Da hantsi aka kira Sufeto Abdussamadu. An tsinci gawar Abbas, wani manomin shinkafa, a fadamar Argungu, an sassare shi da adda a wuya da kafaɗa, jini ya rine ruwan gonar.

Kafin ya iso daga Birnin Kebbi matasa sun riga sun yanke hukuncinsu. Sun tare Tamba, maƙwabcin gona da ya taɓa cacar baki da mamacin, sun fasa masa kai, wani har ya kawo taya da fetur. Sai da sufeto ya harba bindiga sama kafin ya ƙwace shi. Taron ya bi su har ƙofar caji ofis ya zauna jira.

Likita ya sami guntun fatar mutum a haƙoran gawar. Aka tuɓe Tamba, babu cizo ko ɗaya a jikinsa.

A gidan mamacin, mahaifiyarsa Goggo ta ce babban ɗanta Zulkifli yana Gwanzu ta ƙasar Caina wajen sayen injin ban ruwa. Ta kira shi ta wasaf da safen nan, ta rantse ba za a rufe ƙanensa ba sai ya zo.

Ai kuwa da la'asar sai ga Zulkifli a sahun gaba na sallar jana'iza, yana kuka har da majina. Sufeto ya koma gefe ya kira wani mai sayar da tikiti a filin jirgin Ambursa. Aka ce masa tafiyar daga Gwanzu ta fi kilomita dubu goma, sai an sauka Adis Ababa sannan Abuja, zaman sama kaɗai ya haura awa goma sha biyar.

Bayan an dawo daga maƙabarta sufeto ya tare Zulkifli a zaure.

"Yaushe ka baro Gwanzu?"

"Goggo na hwaɗa min sai niy yi maza na shiga jirgi, ranka shi daɗe. Jirgi ai ba mota ba ne."

"Naɗe hannun rigarka."

Zulkifli ya kai masa naushi ya yi ƙofa. Wani saje da ke tare da sufeto ya taɗe shi, bakinsa ya daki dakali. Aka naɗe hannun rigar, ga cizon nan a damtse, ya kumbura suntum.

Nan ya amayar da komai. Abbas ya hana shi sayar da fadamar ubansu, shi ya sa ya ƙirƙiri tafiyar, ya ɓuya a wani masauki a Birnin Kebbi, ya lallaɓo da asuba ya far masa a gona. Bawan Allah bai taɓa shiga jirgi ba, ya zaci ko'ina kamar zuwa Abuja ne.

Aka sa masa ankwa aka jefa shi mota. Goggo ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ja mayafi ta taka har caji ofis, ta tsaya gaban masu fetur.

"Ku watse, Tamba ba ruwanshi," in ji ta. "Wanda anka kashe da wanda yak kashe, duk ni na haihe su."