Salgar Gidan Labbo

Ɓuntu ne, ƙaiƙayin shinkafar da take hura wuta da shi, ya yanke wa Baiwa ranar wata Talata, ga shinkafa jiƙe a duro tana jiran wuta. Mai sana'ar gumi, wato turara shinkafa, ba ta barin jiƙo ya wuce lokacinsa, sai ya yi tsami. Ta ɗauki tsohon buhu, ta ja ƙyauren gida, ta nufi injin casa da ke can kan titi. La'asar ta riga ta yi sakaliya.

Gidanta ne na ƙarshe a Shiyar Tafki, nan gefen Argungu. Daga katangarta sai ruwa. Maƙwabtan da, ambaliya ta kore su ɗaya bayan ɗaya, har Zainabu da suke aron gishiri ta kan katanga ta koma Nasarawa wajen 'yarta. Shekara shida ke nan da rasuwar mijinta Labbo, masunci. Ɗansu Sirajo, da ke aiki a Birnin Kebbi, ya gyara mata ɗaki a Gwadangaji har da fanka. Kowace Juma'a sai ya bugo waya.

"Inna, ki taho gida."

"Ina gida. Gidan ubanka ba kango ba ne. Ran da kaj ji na hita, to makara ta hid da ni."

Hanyar da ta bi ba ta da daɗin tafiya. Tun rani aka haƙe ta. Gwamnati ce ta kawo aikin, wai kowace salga da kowane ramin sokawe na shiyar suna tsiyaya cikin tafki da rijiyoyi, shi ya sa amai da gudawa ba ya barin yara duk damina. Ba ƙarya suka yi ba, bara Baiwa da hannunta ta wanke gawar yara biyu. Sai aka shimfiɗa babban bututu a ƙarƙashin hanya, kowane gida aka jona masa ƙarami, ƙazanta ta riƙa tafiya can bayan gari. Tsofaffin ramuka kuwa aka ce a kwashe su, a rufe da kankare.

To, kowa a Shiyar Tafki ya san ba a rufe salga haka kawai. Tana da mazauna, mutanen ɓoye. Kwana uku ake ba su. Duk almuru mai gida ya tsaya bakin ramin ya yi sallama, ya ce za a rufe, ku nemi wuri. Sai a rana ta huɗu a sa siminti.

Baiwa ta yi almuru biyu. Da safiyar ta uku sai ga Abdussamadu, shugaban leburori, da hular kwano.

"Inna, motar kankare gobe Augie za ta. Gidanki kaɗai ya rage."

"Sai ta jira."

"Mota ba ta jira, Inna."

"To ta tahi, Injiniya. Ramin ga Labbo yag gina shi tun ba a haihe ka ba. Ba kai za ka sa min ranar ruhe shi ba."

Ya cire hula ya goge zufa. Idonsa ya faɗa kan murhunta, da bokitan da take ɗaukar ruwan gumi tana zubarwa bayan gida.

"In kin bari yau, in jona miki makwarara nan gindin murhu. Kin huta da ɗauka."

Baiwa ta dubi murhu. Ta dubi bayi.

"Da daɓen siminti?"

"Da daɓe."

"Da hwamfo."

"Inna, za ki kashe ni."

"Ba ka mutuwa, ka ga tumbinka kuwa?"

Ta samu ukun duka. Kafin azahar an kwashe ramin, an zuba farar ƙasa, magini ya yi Bisimilla da ƙarfi ya shafe bakin da kankare. Ranar kasuwa ba wanda bai ji yadda Baiwa ta lanƙwasa ɗan gwamnati ba. Yau kwana takwas ke nan.

A injin casa ta cika buhu ta danne da ƙafa. Abbas mai injin ya leƙo, gari a gashin idonsa.

"Inna Baiwa, rana ta hwaɗi. Bari in aiko miki da sahe."

"Ƙahwata ta hwaɗa maka ta gaji?"

Ta ɗora buhu a ka ta juyo.

Tsakanin titi da ƙofarta murfin ƙarfe tara ne na sabon bututun, zagayayyu, a tsakiyar hanya, kowanne da 'yan huji. Sama ta yi ja. Kwaɗi sun fara a bakin tafki. Hayaƙin bandar kifi na tasowa daga nesa. Ba kowa a hanya, sai kangwaye hagu da dama.

Ta wuce murfi na farko.

Ƙwan.

Ta ce tsakuwa ce ta buga da silifa.

Murfi na biyu. Ƙwan. Ƙwan.

Wannan karon ƙafarta ba ta taɓa komai ba. Ƙarar daga ciki ta fito, kamar wanda ke ƙwanƙwasa ƙofa cikin ladabi.

Ta ƙara sauri. Buhun na zubo mata ɓuntu a wuya. A na uku an ƙwanƙwasa tun kafin ta iso. A na huɗu haka. Ko me ne, a gabanta yake tafiya, yana jiranta.

A na biyar kwaɗi suka yi tsit, gaba ɗaya.

Sai wari. Ba warin ƙazanta ba. Warin toka mai laima ne, irin tokar ɓuntu da ta shekara arba'in tana zuba wa salgarta duk Juma'a. Ta san warin kamar yadda ta san warin zanenta.

Na bakwai.

"Baiwa."

Muryar mace ce, can ƙasa, a hankali.

Baiwa ta ja a'uziyya, ta kama duk abin da ta haddace.

"Karanta," in ji muryar. "Ba mu hana ki."

Ba ta yi gudu ba. Ko a nan sai da ta tuna ita wace ce. Amma ba ta san yadda ta wuce na takwas da na tara ba. Ta faɗa gida, ta danna sakata, ta yar da buhu, ta jingina da ƙyaure tana haki.

Tsakar gida shiru. Sabon daɓe na ɗaukar sauran hasken rana. Famfo na ɗiga. Ɗis. Ɗis.

A gindin murhu ga sabuwar makwarara, da ragar ƙarfe a bakinta.

Ragar ta motsa.

Yatsu ne suka fito ta tsakanin ƙarafan. Dogaye, sirara, launin toka, jiƙe. Suka riƙe ragar yadda mai jiran gani ke riƙe taga.

"Kwana biyu kinka ba mu."

Baiwa ta ce, "Na yi sallama."

"Biyu."

Famfo ya ɗiga.

"Ran hwarko munka kwashe ɗiya. Ran na biyu munka kwashe kaya. Tsohuwarmu ba ta gani, ba ta tahiya. Ran na ukku za mu ɗauke ta."

Baiwa ta waiga can lungu, inda kankare ya rufe tsohon rami.

"Ku ɗauke ta mana."

"Da sunan Allah anka ruhe. Abin da anka ruhe da sunan Allah ba mu buɗe shi. Kwana takwas muna jin ta ta cikin ƙasa. Jiya ta daina kira."

Da wata mace ce, da ta zube ƙasa tana neman gafara. Baiwa ba ta taɓa ba da abu ba tare da ta ji abin da za a ba ta ba.

"In na hwasa," ta ce, "ku bar min gidana. Ku da tsohuwarku da ɗiyanku. Kar in ƙara jin motsinku."

Yatsun suka tsaya cak.

"Shekara arba'in muna tare, Baiwa. Ran da anka kawo gawar Labbo daga ruwa, ba ki yi kuka gaban mutane ba. Bayi kinka shiga kinka toshe baki da zane. Tsohuwar ga ita tac ce mu yi shiru mu zauna da ke."

Ba wanda ya san wannan. Ko Sirajo.

Baiwa ta kau da kai daga ragar.

"Na hwaɗi nawa sharaɗi."

"Kin tabbata?"

"Ba a tambayata sau biyu."

"To."

Ta shiga ɗakin kaya ta lalubo diga a bayan tsohon taru. Duhu ya fara haɗuwa. Can cikin gari aka ɗauki kiran magariba, siriri, kamar daga wata duniya.

Ta ɗaga diga ta sara. Kankare ya yi tartsatsi. Ta sake. Ta sake. Kafaɗarta ta ɗauki zafi. A sara na shida wurin ya tsage. A na goma wani ɓangare ya rufta ciki, ba ta ji faɗuwarsa ba.

Huji kamar bakin tulu. Baƙi ƙirin.

Iska ba ta fito ba. Shiga take yi. Bakin zanenta ya karkata wajen ramin.

Tari. Busasshe, can ƙasa.

Baiwa ta durƙusa. "Salamu alaikum. An buɗe."

Hannu ya cafke wuyan hannunta.

Sanyi kamar ƙarfen rijiya da asuba. Ya ja. Ta tafi gaba ɗaya, hannunta ya shige ramin har kafaɗa, kumatunta ya bugi kankare. Nauyin ya kai buhun jiƙaƙƙiyar shinkafa, kuma hawa yake yi, yana bin hannunta.

Ta runtse ido.

Wasu yatsu suka fito suna laluben fuskarta. Goshi. Hanci. Tsagen kumatu. Yadda makaho ke gane mutum.

Numfashi a kunnenta, mai warin toka.

"Ke ce."

Baiwa ta yunƙura ta zare hannu, riƙon bai saki ba.

"Na yi kwana takwas," in ji tsohuwar. "Shigo ki yi ɗaya."

Kankaren ya ƙara tsagewa a ƙarƙashin ƙirjinta. Ta kafa yatsun ɗaya hannun a daɓe, faratanta na kartar siminti. Ba abin kamawa. Daɓen da ta ci a ciniki sumul yake.

Kanta ya fara shiga.

Duhu. Sanyi. Ƙasa ba iyaka.

"Inna." Muryar makwarara ce, yanzu a tsaye a bayanta, da tsohuwar take magana. "Sake ta. Mun yi ciniki."

Tsohuwar ba ta saki ba.

Riƙon ya ƙara tsanani har ƙashi ya yi ƙara.

Sannan ya saki.

Baiwa ta wuntsila baya ta kife fuska a ƙasa. Ba ta buɗe ido ba. Ta ji ana jan wani abu a kan daɓe, a hankali, ana tsayawa ana hutawa. Ta ji ragar ƙarfe ta ɗaga, ta koma. Sai murfin ƙarfen da ke ƙofar gida ya yi ƙara sau ɗaya. Na gabansa ya amsa. Haka, haka, kowanne ya fi na baya nisa, har ta daina ji.

Kwaɗi suka ci gaba.

Washegari ta kwaɓa laka ta toshe hujin da kanta. Hannun dama bai ƙara ɗumi ba, shatin yatsu biyar ya zauna a kai, fari fat. Ta ce wa masu tambaya tukunya ce ta ƙone ta. Jiƙon ya yi tsami, ta zuba wa awaki.

Sun cika alkawari. Ba ƙwanƙwasa, ba wari, ba murya. Gida ya zama nata ita kaɗai.

Sai a lokacin ta fara lura da abubuwan da babu. Ashe duk almuru akwai wani ɗan tari daga lungu, da take cewa kaza ce. Ashe in tana daka akwai wata taɓarya can ƙasa da ke amsa mata, da take cewa amsa-kuwwa ce. Ashe in ta yi wa kanta mita tana shara, akwai abin da ke saurare. Yanzu in ta yi magana, sai maganar ta faɗi a gabanta kamar dutse a yashi. Ta gwada barin rediyo a kunne. Ta gwada kwana a zaure. Ta kan zauna gindin murhu har a kira isha, tana kallon ragar ƙarfe, famfo na ɗiga.

Kwana goma sha tara ta yi. Ranar Lahadi ce, ba Juma'a ba, ta ɗauki waya ta danna lambar da Sirajo ya sa mata a maɓalli na ɗaya.

"Inna? Lahiya?"

"Ka zo da mota gobe. Da igiya, akwai duro."

Ya ce, "Wani abu yab ba ki tsoro a gidan?"

Baiwa ta dubi tsakar gida, fes, ba ko motsin ƙadangare.

"Da akwai abin tsoro cikinai," ta ce, "da ban hita ba."